Kunnen Baba Guduma

Duk unguwar bayan tasha ba wanda ya san shi da wani suna sai Baba Guduma, har matarsa ma in ranta ya ɓaci haka take kiransa. Shekara talatin da huɗu ya yi a reluwe, amma bai taɓa tuƙa jirgi ba, bai taɓa yankar tikiti ba, ko tuta bai taɓa ɗagawa ba. Aikinsa guda ne tak. In jirgi ya tsaya, sai ya gangara gefen layi da wata guduma mai doguwar ƙota, ya bi ƙafafun tarago ɗaya bayan ɗaya yana ƙwanƙwasawa. Ƙafa mai lafiya takan amsa da siririyar murya, tiiin, ta yi ta ja kamar ba za ta daina ba. Wadda ta tsage kuwa, ko tsagar ba ta kai silin gashi ba, sai ta ce ɗif, kamar an toshe mata baki. In ya ji ɗif, sai ya zaro alli ya ja mata alama, wannan taragon kuwa ya gama tafiya sai an sake masa ƙafa.

Da aka rufe layin, kowa ya kama gabansa. Gudumar ta hukuma ce, amma ta kwana a bayan ƙofarsa. Shi dai ya ce ita ta biyo shi. Hannun kuma ya ƙi yin ritaya. Tukunya, bokiti, ƙyauren maƙwabci, ba abin da ya tsira. Matarsa ta daina zuwa kasuwa da shi tun ranar da ya ƙwanƙwasa tukwane goma sha ɗaya a rumfar mutum, ya ce duk marasa lafiya ne.

Tashar kuwa ta lalace a gaban idonsa. Iska ta yaye rabin kwano, agogo ya tsaya a tara saura kwata, awaki suka mai da ɗakin jira gidan ubansu. Shekara goma sha tara ana haka, sai ga wata ƙungiya ta masu ƙaunar tsohon layi. Shugabanta wani tsohon malamin makaranta ne mai murya kamar yana kiran wani a ƙetaren kogi, sai wata injiniya, yarinya ce siririya mai magana ƙasa-ƙasa, wadda kakanta ya yi aikin zuba gawayi a inji. Shekara biyu suka yi suna zuwa duk ƙarshen mako, suna kankare tsatsa, suna fenti, suna korar awaki awaki suna dawowa. Suka tada ƙaramin inji guda da tarago uku, suka gyara layi daga tasha zuwa tsohuwar gada, tafiyar minti ashirin.

Abin da ba su sani ba shi ne, a cikin shekara biyun nan kunnen Baba ya fara tattara kayansa. Kukan tsuntsaye ne ya fara ɓacewa. Sai ƙarar cokali a kofin shayi. Sai muryar matarsa, wannan kam bai yi wani dogon juyayi a kai ba. Murya mai kauri yana kama ta in mai ita na gabansa, amma duk wani sauti siriri ya tafi. Sai ya koyi kallon baki, in bakin ya gagare shi ya gyaɗa kai ya ce, "Haka ne, haka ne."

Telan da ke jikin gidansa shi ya fara ganewa, kuma bai ɓata lokaci ba. Yakan sunkuyar da kai kan keke ya ce, "Baba, ashe kai ka cinye kazar mai shago?"

"Haka ne."

"Har da gashin?"

"Haka ne, haka ne."

In matarsa ta yi masa maganar asibiti sai ya hau faɗa, wai mutanen yanzu ne ba sa buɗe baki, magana suke kamar suna tauna tsumma.

Ranar wata Litinin Shugaba da Injiniya suka yi sallama. Shugaba ya cika tsakar gida da murya, ya ce Asabar za a buɗe layi, ana so Baba ya sa tsohuwar rigar aiki ya ƙwanƙwasa ƙafafu a gaban jama'a kafin jirgi ya tashi. Baba ya ji wannan sarai, har ya gyara zama. Ya ɗauka wasa ne na masu hoto. Sai Injiniya ta matso ta yi wani dogon bayani tana kallon ƙasa don ladabi, ladabin da ya ɓoye masa bakinta gaba ɗaya. Da ta ɗago ya ce, "Haka ne, 'yata." Ta yi ajiyar zuciya ta yi ta godiya.

Suna fita matarsa ta zo ta tsaya dab da hancinsa, ta riƙe ƙugu.

"Baba Guduma, ka san abin da ka amsa?"

"Na sani mana. Hoto."

"Hoton gidanku. Cewa ta yi na'urar da za su aro ta duba ƙafafun ba za ta iso ba sai wata mai zuwa. Ta duba da ido, amma ido ba ya shiga cikin ƙarfe. Ta ce in kai ka ce lafiya, za ta bari a tashi. In ba ka ce ba, ba za ta bari ba. Kai kuma ka ce haka ne."

Baba ya nemi kujera, alhali a kanta yake zaune.

Tarago uku, ƙafa takwas-takwas, ashirin da huɗu ke nan. Wannan lissafin ya bi shi ko'ina a makon nan. Ya sa hannu a abinci, ashirin da huɗu. Ya shiga wanka, ashirin da huɗu. Ranar Talata ya je kemis ya sayo maganin ɗigawa a kunne, ya kwanta ta gefe a tabarma kamar kifin da aka shanya, ya tashi ba abin da ya ƙaru sai maiƙo a wuyan riga. Ranar Laraba da rana tsaka, lokacin da ba kowa a tasha, ya lallaɓa da gudumarsa. Ya buga ƙafar farko. Ya ji bugun a tafin hannunsa, ya ji shi a gwiwar hannu, kunne kuwa ko gezau. Ya manna goshi a jikin ƙarfe ya sake bugawa. Ya ciji ƙotar gudumar da sauran haƙoransa, don ya taɓa jin an ce ƙashi ma yana ji. Rawar ƙarfen ta shiga har cikin kansa, amma duk iri ɗaya ce, ba tiiin ba ɗif. Ya juyo sai ga wata akuya tana kallonsa tana tuƙa. Ya jefe ta da dutse bai same ta ba.

Da ya dawo Tela ya leƙo ta taga. "Baba, me ya samu goshinka? Ko tarago ka yi wa gaisuwa?" Sai ya ga tsohon bai ko harare shi ba. Ya ajiye almakashi ya fito, ya tsaya inda za a ga bakinsa. "Baba, ka je ka faɗa musu. Wallahi ba wanda zai cinye ka."

"In faɗa musu me? Kunnena ƙalau yake."

"To me na ce yanzu?"

"Ka ce... kai dai Tela ba ka da kunya."

Amma ranar Alhamis ya shirya ya tafi da niyyar faɗa. Ya haddace maganar tun daga gida. Yana shiga ɗakin jira, wanda yanzu ke ƙamshin sabon fenti, sai ya yi kiciɓis da kansa a bango. Sun tono wani tsohon hoto sun faɗaɗa shi, ga shi nan da ƙuruciyarsa, gashin baki baƙi wuluk, ya karkata kai gefen wata ƙafa. A ƙasa an rubuta da manyan baƙaƙe: KUNNEN DA BAI TAƁA KUSKURE BA. Injiniya ta sauko daga tsani tana murmushi, ta nuna masa da burushi. Maganar da ya haddace ta narke. Ya yaba fentin, ya yaba tsanin ma, ya juya gida.

A hanya ya shiga lallashin kansa. Tafiyar minti ashirin ce, jirgin ma rarrafe zai yi. Ƙarfen da ne, ba irin na yanzu ba. A shekara talatin da huɗu sau nawa ya ji ɗif? Bai fi a ƙirga da yatsu ba. Sai wata zuciyar ta ce, shekara goma sha tara fa suna tsaye ruwa na dukansu. Kuma akwai gada. Ya tuna wata safiya tun yana sabon ɗauka, da aka kwashe su zuwa inda ƙafa ta fashe wa wani jirgi a kan gangara. Ba taragon da ya kife ne ya zauna masa a rai ba, takalma ne, warwatse a gefen layi, ƙafa ɗaya-ɗaya. Ranar Juma'a ko shayi bai iya gamawa ba. Matarsa ta goge masa rigar aikin ta rataye, ba ta ce komai ba, ko kuma ta ce bai ji ba.

Asabar da hantsi tasha ta cika maƙil. Tsofaffin ma'aikata da sandunansu, mata da goyo, masu hoto, duk wanda ya samu kujera a tarago ya leƙo da kai ta taga. Inji na huci. Rigar ta yi wa Baba yawa, wuyansa na yawo a ciki. Ya gangara gefen layi, ya buga ƙafar farko. Ya ga bakunan mutane sun buɗe, ya ga wani tsohon direba ya share ido. Su suna ji ke nan. Kowa a tashar nan yana jin abin da ƙafar ke faɗa, ba wanda ya san ma'anarsa, shi da ya sani kuma ba ya ji. Ya bi su a hankali yana jan lokaci, ko Allah zai sa kunnen ya buɗe a ta goma, ko a ta ashirin. Ya buga ta ashirin da huɗu ya tsaya, zufa na bin bayansa.

Shugaba ya sauko da lasifika a hannu, fuska fal fara'a. "Jama'a, ga shi nan! Baba, me ƙafafu suka ce?" Ya kai masa abin magana baki.

Baba ya dubi tagogin. Wata mata ta ɗaga jaririyarta tana nuna mata shi.

"Ban ji ba," in ji shi.

Aka kwashe da dariya. Shugaba ya ƙara murya, har awaki suka watse. "Na ce, ME ƘAFAFU SUKA CE?"

"Kai na ji ka, Malam. Kai ko gawa ta ji ka. Su ne ban ji ba." Ya nuna ƙafafun da guduma. "Shekara biyu ke nan kunnena ya tafi. Ban ji ko ɗaya ba. Ba zan ce lafiya ba."

Dariyar ta mutu. Shugaba ya kashe lasifika ya matso, yana magana ta gefen baki, ya manta da wa yake yi. Baba bai kama komai ba sai "baƙi" da "kalma ɗaya kawai". Wannan karon bai ce haka ne ba. Ya girgiza kai.

Injiniya ta riga ta hau tarago tana ba mutane haƙuri su sauko. Wasu suka sauko da tsaki, wani ya ce a dawo masa da safiyarsa. Da ta gama ta zo ta tsaya a gabansa, ta ɗago fuska sosai, idonta ya yi ja.

"Baba, ranar Alhamis fa ka zo. Me ya hana ka faɗa mini?"

"Hoton nan naki, 'yata. Ya fi ni baki."

Shi kuwa, da yake abin da yake ɓoyo ya riga ya fita, sai kansa ya fara aiki. Ya ce ta biyo shi. A bayan rumfar gyara, cikin ciyawa, akwai wasu ƙafafu biyu haɗe da sandar ƙarfensu, tsagaggu, waɗanda shi da kansa ya ja wa alli tun layin na da rai. Ya miƙa mata gudumar, abin da ko ɗansa na cikinsa bai taɓa samu ba. Ta buga. Ya ja ta zuwa tarago ta buga. Ya ga girarta ta ɗaga.

"Kin ji bambanci?"

"Na ji. Amma Baba, ba zan ɗora mutane a kan kunnen minti biyar ba."

"Da kin ɗora da na karɓe gudumata."

Jirgi bai tashi ranar ba. Mutane suka koma cikin taragon da ke tsaye suka yi ta ɗaukar hoto, wasu har suna ɗaga wa na ƙasa hannu. Bayan mako biyar na'ura ta iso, ta bi ƙafa ashirin da huɗu, ta ce duk lafiyarsu ƙalau. Shugaba bai gaji da maimaita wannan ba, duk inda ya ga Baba sai ya faɗa da ƙarfi, Baba kuma sai ya kama kunne ya ce, "Na'am?" Yanzu yana da izini.

Injiniya tana zuwa duk Asabar da safe, ita ke bugawa, shi yana zaune a kan bokiti yana gyara mata riƙo, yana faɗa in ta buga da ƙarfi kamar mai fasa dutse. Abin da ya fi damunsa yanzu mutanen unguwa ne. Tun da labari ya bazu, kowa ihu yake masa, har mai gaisuwa. Jiya Tela ya leƙo ya kurma masa "INA KWANA" sai da kofin ya kusa suɓuce masa.

"Kai Tela, kunne na ce ya tafi, ban ce na ƙaura ba."

"To Baba, maganar kazar mai shago fa?"

"Wace kaza?"

Tela ya shiga ba shi labari tun daga farko, a hankali, yana buɗe baki sosai.