Ranar da Na Cire Takalmi a Gaban Manya

Shekarun baya, bayan gwiwata ta ce ta gaji, na tattara na dawo gida Diffa. Na buga ƙwallo a Yamai, na buga a ƙasar waje, amma na ƙare da tumbi da usur a wuya, ina horar da yaran kolej. Ban ji kunya ba, aiki ne.

A cikin yarana akwai 'yan Assaga, waɗanda rikici ya koro iyayensu daga bakin Komadugu. Da safe aji, da yamma taya iyaye shanyar tattasai, sannan su zo fili. Ba su da takalmin ƙwallo, kuma ko an ara musu sai su cire, wai yana riƙe musu ƙafa. Su ne suka kai mu wasan ƙarshe.

Ana gobe wasa daraktan kolej ya kira ni ofis. A wajenmu Mushe ake ce wa malami.

"Mushe, manya za su zo daga gubernora, ofishin gwamna. Yaran nan marasa takalmi, ka ajiye su a benci. Kada su ba mu kunya."

Na ce, "Ranka ya daɗe, da ƙafar nan suka kawo mu."

Ya ce, "Ni dai na faɗa maka. In kana son wurinka, ka yi tunani."

Na yi tunanin kuwa. Matata ta ce, "Malam, kai da bakinka, wata rana sai ka ja mana." Ba ta yi ƙarya ba.

Washegari na sa su duka a fili. Darakta ya aiko a ce in fitar da su. Sai na je gaban rumfar manya na zauna a ƙasa, na kwance takalmina, na cire safa, na ajiye su a gefe, na koma bakin layi. In rashin takalmi abin kunya ne, to a fara da ni.

Abin da ban lissafa ba shi ne yashin Diffa da rana. Ƙafar da ta saba da ciyawa da tausa! Na yi ta ɗaga wannan ina sauke waccan, mutane suna zaton murna nake. Wani yarona ya zo jefa ƙwallo ya ce, "Mushe, tona yashin, na ƙasa ya fi sanyi."

An ci mu biyu da ɗaya. Ɗayan nan ɗan Assaga ne ya ci, da tsirarar ƙafa, a gaban rumfar. Ba a daɗe ba aka mayar da ni aiki garin Maine-Sorowa.

Har yau abokina yana cewa taurin kai ya raba ni da gida. Wataƙila. Amma yaran nan an riga an kore su daga garinsu sau ɗaya, kuma ba da bakina za a sake korarsu daga fili ba. Ƙafata ta yi bororo ta warke. Da na ajiye su a benci, ban san da wace ƙafa zan ƙara bi ta Assaga ba.