Ranar da Na Share Alamar Soja a Masussuka

Shekarar da gwamnati ta ce kowa ya ɗaure ciki, sabulu ma sai an yi masa layi a Gwarzo, damina ta yi mana rowa a Kutama. Geron da gonar marigayi maigidana ta bayar ɗan tsibi ne, kuma shi ne abincin marayu biyar. Mun sussuke shi, yana tare a masussuka, ba a kai ga shiƙa ba.

Da hantsi sai ga motar soja. Ashe masu jirgin nan ne mai saukar ungulu, tsofaffin sojoji da suka ajiye kaki, ana kiransu atisaye lokaci-lokaci. Aikin nasu a rabe yake: wasu tuƙi, wasu gyara, wasu kuma su riga jirgi zuwa su nemo masa wurin sauka. Waɗannan na ƙarshen ne suka zo mana. Suka ga fili a daɓe, a share, babu ko kara, sai suka barbaɗa farar ƙasa gefen tsibina, alamar da matuƙi zai hango daga sama.

Ni kuwa na taɓa ganin saukar irin jirgin nan a Kabo. Iskarsa jinka take yaye wa ɗaki, balle gero.

Na ce da babbansu, "Ɗan nan, sannu da aiki. Nan wurin hatsi ne."

Ya ce, "Inna, umarni ne. Jirgi na hanya, ki kwashe."

"Ba buhu, ba jaki. In kwashe a ina, a hularka?"

Na ɗauki tsintsiya na share alamar tas, a kan idonsa. Ya sake barbaɗawa, na sake sharewa. Ya ce zai sa a ɗauke ni caɗak. Na zauna daram a wurin, na ce, "Bismillah. Ka fara da hannun da kake gaida uwarka da shi."

Matar malamin firamare, Kirista ce 'yar kudancin Kaduna, ta ajiye faifanta ta zo ta zauna kusa da ni.

Sai muka ji rugugin jirgin. Wallahi ban tashi ba. Babban nasu ya dube ni, ya dubi sama, ya fizgo wayar iska yana magana da sauri. Jirgin ya karkata, ya sauka can filin ƙwallon makaranta, ƙura ta rufe tutar makarantar.

Suka tafi ba sallama. Geron nan ya kai mu har aka ci ɗanyar gyaɗa.