Sunan da Wasila Za Ta Rubuta

Yayata Delu ba matsoraciya ba ce, ni shaida ce. Shekara ashirin tana dafa daddawa a Furfuri tana kaiwa kasuwar Bungudu, ko maciji ta gani a rumbu da kanta take kashe shi. Amma yanzu da ta ji babur ya tsaya a ƙofar gida sai ta zabura ta shige ɗaki.

Allah bai ba ta haihuwa ba. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce, ƙawarta Hauwa'u ta gudo daga wani ƙauyen Tsafe da jinjira a goye, 'yan bindiga sun kashe mata miji. Ba ta rufa wata biyu ba ciwo ya kwantar da ita. Ta miƙa wa Delu yarinyar ta ce, "Ga Wasila nan, amana." Iyakar riƙon ke nan. Wa zai nemi takarda a hannun mai shirin cikawa?

Ranar da aka kai Wasila makaranta, hedimasta ya tambayi sunan uba. Mijin Delu, Malam Attahiru, ba ya son yara su riƙa ce mata marainiya, sai ya ce, "Rubuta Attahiru." Tausayi ne kawai, wallahi.

Bana tana aji shida, saura wata guda jarrabawar shiga sakandare, kwatsam sai ga wani Mannir a kan babur, wai ƙanen mahaifinta ne. Mutumin da ko sabulu bai taɓa aiko mata ba! Sammaci ya kawo, ɗiyar wansa yake so.

Na raka Delu kotu a Gusau. Alƙali ya ce, "Malama Delu, wa ya shaida an ba ki riƙon yarinyar nan?"

Ta ce, "Allah ya gafarta Malam, daga ni sai Allah."

Mannir ya zaro takardar sakamakon makaranta ya miƙa. Alƙali ya karanta, ya ɗago kai.

"Sunan wa ke nan? Ba ku san shari'a ta hana a jingina ɗa ga wanda ba ubansa ba?"

Aka ɗage zama zuwa mako uku.

Tsoro nake ji, ba zan ɓoye ba. Ƙauyen su Mannir shekara uku ke nan makarantarsu a rufe, malaman duk sun gudu. Kuma a kan hanyar garin aka kashe uban yarinyar.

Jiya da hantsi Delu na tsince kalwa, Wasila ta zo da littafinta ta durƙusa.

"Inna, ranar jarrabawa wane suna zan rubuta?"

Delu ta ce, "Je ki ɗebo mini ruwa." Ga randa cike a gefenta.