Sai Jibi Za Ki Buɗe

Kawuna mai hoto ne, kuma tun da nake ban taɓa ganin ya shanye shayinsa a zaune ba. Matarsa kan ce a tsaye aka haife shi. Sai Allah ya haɗa shi da sana'ar da ba ta son gaggawa.

A ɗakin duhun da ke bayan shagonsa yake wanke hotuna, ya rataye su a igiya. Takardar kuwa da ta fara bushewa sai ta nannaɗe kamar ganye. Maganinta guda ne: a sa ta tsakanin takardu masu shan ruwa, a danne da katako, a ɗora masa kan keken ɗinkin matarsa don nauyi, a jira kwana biyu. Kwana biyun nan ne azabarsa. Ya shiga, ya fita, ya tsuguna ya leƙa gefen katakon.

"Malam, leƙe ba ya busar da shi," in ji matar.

Wata safiya wata dattijuwa ta kawo fim ɗin hoton mijinta da ya rasu don a wanke. A ranar, da la'asar, za ta koma wajen ɗanta a wani gari, kuma ba ta jin za ta sake dawowa.

Kawu ya wanke hoton, ya fito ras. Da azahar gefunan suka fara tashi.

"Kawo in bi shi da dutsen guga," in ji matarsa.

"Guga? Kin manta amaryar da na narkar wa hanci?"

Ya kai gwauro ya kai mari, dattijuwar na duban agogo. Can ya zaro katako biyu, ya sa hoton a tsakani, ya ɗaure da igiya tamau.

"Baba, ga shi. Don Allah sai jibi za ki buɗe."

Har tasha ya bi ta yana maimaitawa ta tagar mota.

Sati uku bai samu sukuni ba. Ko ta buɗe? Ko ruwa ya taɓa? Duk motar da ta tsaya sai ya leƙo.

Rannan wani direba ya kawo katakon, da saƙo: tun kafin su fita daga gari ta kwance igiyar, ta kasa haƙuri. Hoton ya ɗan lanƙwashe, amma ta ce ba komai, mai gidan ma da ɗan doronsa.

Kawu ya yi dariya har da hawaye, sannan ya tambayi direban ko zai iya karɓo masa hoton ya sake dannewa.