Gwiwar Mai Unguwa Liti

Liti mai unguwa ne a Yammedi zamanin Turawa. Kowa na jin maganarsa, ban da gwiwarsa ta dama. Ga shi durƙuso shi ne rabin aikinsa, yau gaban dagaci, gobe gaban hakimi. Da aka ce Baturen rangadi zai sauka a Karaye sai hankalinsa ya tashi, don an sha tuɓe wanda aka ga tsufa ya ci ƙarfinsa.

Ya tafi wurin amininsa, Daudu baduku. Daudu ya cusa audugar rimi cikin fata, ya naɗe masa gwiwa, ya ɗinke tam. Saboda gaggawa, ɗanyar fatar akuya ya sa, ko jima ba a yi mata ba.

"Taka mu gani, tsoho," in ji Daudu. "Kai, ko saurayi albarka!"

Ranar taro aka durƙusa cikin rana, tafinta na ta jan jawabi. Fata ta bushe, ta ƙandare a lanƙwashe. Da aka sallami jama'a kowa ya miƙe. Liti ya yunƙura, ƙafa ta ce ba da ita ba.

Bature ya nuna shi. "Wancan fa?"

Liti ya sunkuyar da kai, gumi na tsiyaya. "Zaki, ni ba na tashi sai manya sun wuce."

Bature ya ji daɗi, ya ce duk ƙasar babu mai ladabinsa. Rawani dai ya tsira. Sai da fili ya watse Daudu ya lallaɓo da tulun ruwa yana jiƙa fatar, Liti na durƙushe yana zaginsa ƙasa-ƙasa.