Allin da Malama Aro Ta Ara

Mai bayarwa ya karɓi abinsa, kuma gare shi kowa zai koma. A ranar Laraba, ashirin da bakwai ga watan Agusta, ana saura kaɗan a koma makaranta, Allah ya yi wa malamar aji biyu ta makarantarmu rasuwa bayan jinyar da ta cinye mata hutun ƙarshen shekara gaba ɗaya. Hedimasta ne ya kira ni da hantsi. Bai yi dogon bayani ba, ni ma ban nema ba, don duk wanda ya je dubiya a makon da ya gabata ya san inda maganar ta nufa.

Ni ne malamin aji uku. Bango ɗaya ne tsakanin ajina da nata, kuma duk yaron da ya fito daga hannunta, hannuna yake faɗawa. Ba ni da gwanintar yabon mutum, ko yana raye ko ya mutu. Abin da na gani kawai zan rubuta.

Malama, a ɗakin malamai mun sa miki suna Malama Aro, kin kuma san dalili. Da zarar an shiga zango na uku, sai alli ya ƙare miki. Ina tsakiyar darasi zan ga ɗan ƙaramin kai ya leƙo ta bakin ƙofa, murya na rawa: "Malam, Malama ta ce a ara mata alli." In ba shi. Washegari ya dawo da shi: "Malam, Malama ta ce a mayar, an gode." Jibi kuma wani yaron ne daban. A shekarata ta farko na ɗauka rashin tattali ne. Daga baya na lura allin yana dawowa yadda ya tafi, ko bakinsa bai taɓa allo ba. Na ce lallai ruwa ba ya tsami banza.

Ranar da na shiga ajinki neman abin goge allo na buɗe kabad, sai ga kwalayen alli a jere, wasu ko buɗe su ba a yi ba. Na tambaye ki ko sayarwa kike shirin yi. Ba ki ɗago daga littafin da kike dubawa ba, kika ce: "Malam, ka san sunan da yara suke kiranka? Malam Tsawa. Ta bangon nan suke jin muryarka shekara guda, ba su taɓa ganin haƙoranka ba. In na bari sai ranar komawa su fara shiga ajinka, rabinsu ciwon ciki zai kama su. Gara su san hanya tun ina nan."

Na ce ai zuwa da kai ya fi aike, ki kawo su ki nuna musu ajin mana. Kika ce wannan maganar manya ce, shi yaro aike ne ke buɗe masa baki. Daga nan kika ba ni nawa aikin, ba tare da kin tambayi ko ina so ba. Kada in miƙa allin daga bakin ƙofa. In ce wa yaron ya shigo har gaban tebur, ya zaɓa da hannunsa daga cikin kwali, in tambayi sunansa, in kuma riƙe sunan zuwa gobe. Haka muka yi ta yi shekara da shekaru. Kafin a rufe makaranta babu yaron da bai taka ajina sau biyu ba, kuma babu wanda ya san an shirya masa ne.

Ana yawan cewa malamin kirki shi ne wanda yara ba sa mantawa da shi. Ke ba haka kika ɗauki aikin ba. A makon farko na sabuwar shekara, in an fita wasa, tsofaffin ɗalibanki kan yi dandazo a tagarki, wani da sabon takalmi, wani da haƙorin da ya fita yana son ki gani. Sai ki duba sau ɗaya, ki ce: "Ya yi kyau. Malaminku ya gani? A je a nuna masa." Ki ja taga. Akwai uwar da ta kai ƙararki wurin hedimasta, wai kin yar da ɗanta kamar ba ki taɓa saninsa ba. Ba ki kare kanki ba. A wurin zaman makoki ne babbar 'yarki ta gaya mana cewa a irin wannan makon ba kya iya cin abincin kirki, kuma in an tambaye ki sai ki ce gajiya ce.

Akwai kuma zaman da mukan yi a baranda ranar da za a ba da hutu, ki bi yaran ɗaya bayan ɗaya da baki. Wannan ba ya ji sosai da kunnen hagu, a zaunar da shi ta inda zai ji. Wannan in ta yi shiru fitsari take ji, kunya ke hana ta ɗaga hannu. Waɗannan biyun kada a raba su tukuna. Amma ban taɓa jin kin ce wane ɓarawon fensir ne, ko wance ba ta da kai ba, alhali na san akwai su, don daga baya nakan gano da kaina. Na taɓa yi miki ƙorafi a kan haka. Kika ce: "Bar yaro ya shiga sabon aji da hannu biyu, ba da kayan bara a ka ba. In ya maimaita, ai kana da ido."

Ba na cewa ba ki da naki halin. Kina da taurin kai, ba kya son a taɓa miki tsarin benci, kuma duk taron malamai da ya wuce ƙa'ida sai kin fara tattara jaka a gaban hedimasta. Mun sha saɓawa a kan hukunci. Ke kina ganin ina da zafi, ni ina ganin kina lallashi fiye da kima, kuma har kika tafi babu wanda ya sauko.

A bana akwai wata yarinya a ajinki da uwarta ke kira Auta. Uwar mai ɗinki ce, ita kaɗai take riƙe da gida. Auta tana magana a gida kamar kowa, amma tun da aka sa ta makaranta ba ta taɓa buɗe baki a gaban wani babba ba, sai ke. Ke ɗin ma a kunne take gaya miki. Karatunta lafiya lau, rubutunta ya fi na wasu 'yan ajina. Uwar ta faɗa mana a fili cewa in yarinyar ta kasa zama a aji uku, za ta cire ta ta zaunar da ita kusa da keken ɗinki, don ba za ta iya barin aiki kullum tana jan yarinya tana kuka a titi ba. Ba mu ga laifinta ba.

Kin fara aiko Auta tare da ƙawarta, ƙawar ta yi magana, ita ta tsaya a baya tana kallon ƙasa. Sannan kika aiko ta ita kaɗai. Ta tsaya a bakin ƙofa ta miƙo hannu kawai. Na karya dokarki na kai mata allin har wurin, kika yi mini faɗa. Aike na ƙarshe, ana saura 'yan kwanaki a ba da hutu, ta shigo har gaban tebur, ta sa hannu a kwali ta ɗauka, ta fita da gudu. A ranar ne bayan an tashi jiri ya ɗebe ki a baranda, aka wuce da ke asibiti. Ba ki sake taka makarantar ba, allin kuma bai dawo ba.

Da na je duba ki, na tarar magana ta yi miki wuya. Duk da haka ba ki tambaye ni jarrabawa ko sakamako ba. Kika ce: "Auta ta mayar maka da allinka?" Na ce a'a. Kika ce: "To, kada ka tambaye ta, kada ka aika a kira ta. Na koya musu ba a kwana da kayan aro, yana nan yana damun ta. Kai dai bar ƙofa a buɗe. Kuma don Allah ka rage muryar nan." Ita ce maganarmu ta ƙarshe. Na so a ce wata magana ce mai nauyi da zan riƙa faɗa wa mutane, amma wannan ce, kuma ta yi kama da ke.

Da aka koma makaranta, duk 'yan ajinki suka shigo ajina suka zauna, kowa ya san inda tebur yake, na kuma san sunan kowa. Ban da Auta. Kullum uwarta za ta kawo ta, ita kuma ta wuce ta zauna a kan dakalin ƙofar aji biyu da jakarta a cinya. An kawo sabuwar malama, yarinya ce mai haƙuri, ta yi ta lallashi, Auta ko kallon ta ba ta yi. Hedimasta ya ce ko a bar ta ta maimaita aji biyu. Na ce ba ajin take nema ba. A tsakiyar mako uwar ta same ni a bakin get, da zare maƙale a gyalenta, ta ce: "Malam, na gaji. In makon nan ya ƙare ba ta shiga ba, ku yi haƙuri, na haƙura."

Sau da yawa na miƙe zan je in kamo hannunta, don tsakanin dakalin da ƙofata ba nisa. Sai in tuna an ce kada in yi. Na bar ƙofa a buɗe, hayaniyar titi tana shigowa, yara na baya suna cewa ba sa ji, don na rage murya har ni kaina ina jin kamar ba ni ba ne. Na bar wuri a benci na biyu kusa da ƙawarta, na hana kowa zama. Gaskiya ban yi zaton abin zai yi aiki ba. Na yi ne don ke kika ce.

A ranar ƙarshe ta makon, muna cikin lissafi, na ga idon yara ya koma ƙofa. Auta ce a tsaye, da jaka a bayanta, da wani ɗan ƙyalle a dunƙule a hannu, irin ragowar da ke zubowa ƙarƙashin keken ɗinki. Ta warware shi. Allin ne, ya karye biyu, ta haɗa shi. Ta ce, a hankali amma kowa ya ji: "Malam, Malama ta ce a mayar. An gode."

Ranar na fara jin muryarta. Na ce: "Shigo ki sa a kwali, Auta." Ta shigo ta sa. Ta juya, ƙawarta ta matsa, ta zauna ta fito da littafi. Ni kuma na juya wa yara baya, na daɗe ina goge allo a inda ba a rubuta komai ba. Na yi kewarki a lokacin, Malama, fiye da ranar da aka binne ki.

Har yanzu ba ta cika magana ba, amma tana amsa sunanta, kuma uwarta ta daina rako ta. Jiya sabuwar malama ta zo ta ce ta tarar da alli cike da kabad, ko a raba wa sauran azuzuwa? Na ce ta rufe kabad ɗin ta adana makulli, in zango na uku ya zo zan yi mata bayani.

Ina miƙa ta'aziyya ga maigidanta, da 'ya'yanta, musamman babbar da ta yi jinya ba ta gaza ba, da 'yan'uwanta, da malaman makarantarmu, da iyayen yaran da suka bi ta hannunta. Allah ya ba mu haƙurin rashi. Allah ya jiƙanta, ya yafe mata kurakuranta, ya haskaka makwancinta, ya sa abin da ta koyar ya zama mai bin ta da lada. Ita da ba ta taɓa tura yaro wurin da bai sani ba sai ta fara sabar masa da hanya, ya Allah kada ka bar ta da baƙunta a inda ta je. Ka karɓe ta da rahama, ka sa ta tarar da ƙofa a buɗe. Mu kuma in tamu ta zo, ka sa mu cika da imani. Amin.