Mutanen da na ɗauko a bayan tifa

Jama'a, wallahi abin nan a kaina ya faru, ba a bakin wani na ji ba. Lokacin ba a daɗe da ba mu jiha ba, Dutse ko'ina gini ake, ni kuwa ina jan tifa, muna kwaso ƙasar ciko daga wani ƙauye bayan Kiyawa.

Ɗan kwangilarmu, mutumin da ko kabarin uwarsa aka ce akwai jar ƙasa sai ya kai katafila, shi ya hango wata tsohuwar ganuwa ya ce a kwashe. Sai ga wani dattijo ya dogaro sanda ya tsaya gaban katafilar. Ya ce ranar da Nasara suka zo da igwa, kakansa da mutanensa suka ƙi buɗe ƙofa, inda suka faɗi nan aka binne su da rigunansu, yadda ake wa shahidai, shi ya sa duk kaka garin ke fitowa su yaɓe wurin.

"Ɗana, ka rage min ɗan gefen nan, kusa da su nake so a sa ni."

"Baba, gwamnati ce ta ba ni. Matsa."

Aka loda min na hau hanya, rana tsaka fa, idona biyu. Mota ta yi wani nauyi kamar na ɗauko dutse, ina duba madubi, innalillahi! Mutane ne zaune reras a kan ƙasar, manyan riguna duk jini ya bushe, sun ba ni baya suna kallon garinsu yana nisa. Na taka burki na diro, ba kowa. Na koma, ga su nan. Haka na kai su har Dutse, na juye su a harsashin gidan wani babba.

Dattijon bai ga wata damina ba. Wurin ganuwar ya zama kududdufi, sai can gefen hanya aka binne shi, shi kaɗai. Abin da ke ƙona min rai, Nasara sun kashe su amma sun bar su a garinsu, namu ne suka kore su.

Gidan yana nan, an ce masu gadi ba sa daɗewa, ban san me suke gani ba. Ku dai in kun ga tudu a bakin tsohon gari, ku yi sallama ku raɓa ta gefe, da mutane a ciki.